Daga katin huji zuwa lambar NIN

Duk shekara goma Amurka take ƙidayar jama'arta. Ta 1880 da hannu aka yi lissafinta, akawuna suka kwashe kusan shekara takwas suna fama, har aka fara fargabar wata ƙidayar za ta riske su ba su gama da wannan ba. Nan Herman Hollerith ya kawo dabararsa: kowane mutum a ba shi kati ɗaya, a huda shi a gurbin jinsi, shekaru da sauransu. In an saka katin a na'ura, allura ta ratsa hujin, lantarki ya haɗu, ƙirge ya ƙaru da ɗaya. Da ita aka yi ƙidayar 1890. Kamfaninsa na cikin waɗanda aka haɗe a 1911, aka raɗa musu suna IBM a 1924.

Kwamfuta ta zo ta kori kati, amma kowane ofis da nasa kundin, babu mai leƙa na wani. Sai a 1970 Edgar Codd, ma'aikacin IBM, ya ce a zuba bayanai cikin jadawali, lamba guda ta riƙa ɗaure wannan jadawali da wancan. Yawancin rumbunan bayanai na bankuna har gobe a kan wannan tunani suke.

A Najeriya an yi rajistar katin ɗan ƙasa a 2003, aka kafa NIMC, hukumar da ke ba da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a 2007. Babban Banki ya fito da BVN, lambar tantance masu asusun banki, a 2014, sannan a Disamba 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da NIN.

Haɗewar nan ce ta tona abin da ke ɓoye. Can baya, mutum ya zama Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a banki, Muhammad a wajen rajistar layi, babu wanda ya damu, don manaja ya san fuskarsa, ya san babansa. Na'ura kuwa ba ta san ɗan wane ba; harafi ɗaya ya saɓa, mutum biyu ne. Ga kuma dattawan da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, mai cike fom ya ƙaƙaba musu ɗaya ga Janairu, wani ofishin ya ba su wata shekarar daban. A ganina ba sabon tsarin ne ya jawo kuskuren ba, gadonsa ya yi daga takarda. Gyaran kuwa sai an koma ga takardar: rantsuwa a kotu, hatimi, sa hannu, sannan a bi layi.