Kano zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Jirgi?

Da lokacin Umara ko Hajji ya ƙarato sai tambayoyin nan su dawo, wani lokaci ma daga bakin wanda aka ba amsa bara. Ga su a wuri ɗaya.

Nisan nawa ne?

Kimanin kilomita 3,400 daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda.

Awa nawa ake yi?

Huɗu da rabi zuwa biyar, in jirgi ya miƙe ta saman Chadi da Sudan.

To yaya aka yi yayana ya kusa yin awa bakwai?

Yaƙin Sudan. Da rikicin ya ɓarke a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye. A Hajjin shekarar har ƙarin kuɗi kamfanonin jigilar alhazai suka nema saboda man da ake ƙonawa. Wanda kuma ya yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, ya ƙara da zaman jira a can.

Tikitina ya ce tashi 11 na dare, sauka 6 na safe. Awa bakwai ke nan?

Biyar ne. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma lokacin garin da za a sauka ake rubutawa. Don Allah a daina lissafi da agogon Kano.

Yaushe zan ɗaura harami?

Nan ne ake yin kwaɓa, don haka a nutsu. In Madina za a fara sauke ku, babu gaggawa: sai ranar tafiya Makka ku ɗauka a Zul Hulaifa. In kuwa Jidda za ku sauka ku wuce Makka kai tsaye, jirgin zai gitta daidai da mikati (iyakar da ake ɗaukar harami) tun yana sama, galibi ana dab da sauka. Wane mikati, Juhfa ko Yalamlam, ya danganta da hanyar da aka biyo. Wasu jiragen suna sanarwa, wasu ba sa yi, wani lokaci kuma an sanar mutum yana sharar barci. Akwai malaman da suka yi rangwamen ɗaukar harami a Jidda ga wanda ya zo ta sama, amma mafi yawa ba su yarda ba, suna ganin wanda ya wuce mikati haka nan sai ya koma ko ya yi yanka. Wannan ka tambayi malaminka tun kana gida. Shawarata dai: yi wanka ka ɗaura mayafan tun a Kano ko a inda kuka yada zango, ka bar niyya da talbiyya sai an kusa. Banɗakin jirgi ba wurin ɗaura zane ba ne, ga ƙunci ga layi. Kuma kada mayafan su shiga babbar jaka, ita sai a Jidda za ka sake ganin ta. Hajiya, ke hankalinki kwance, kayan jikinki sun wadatar, niyya kawai za ki yi.

Jirgi zai iya tsayawa a saman mikati?

A'a.

Daga filin jirgi zuwa Makka fa?

Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a mota, akwai kuma jirgin ƙasa na Haramain. Amma lokacin Hajji layin duba fasfo da jiran kaya da na bas na iya cinye fiye da haka nesa ba kusa ba, don haka mai shan magani ya riƙe shi a jakar hannu.