Hanyoyin Koyar da Lissafi da Sha'awar Ɗalibai a Sakkwato

Hanyar koyar da lissafi ita ce tsarin da malami yake bi don ɗalibi ya gane lamba, awo da siffofi. Masana ilimi sun daɗe da lura cewa wannan hanya tana da hannu a ko yaro zai so darasin, ko kuwa gabansa ya riƙa faɗuwa da an shigo da alli. A Najeriya lissafi dole ne tun daga firamare har ƙarshen sakandare, kuma sai da kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO ake samun gurbi a mafi yawan kwasa-kwasan jami'a. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE na ilimin bai-ɗaya a 1999.

Hadda da kwafe allo

Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce malami ya warware misali a allo, yara su kwafe, sannan a rera jadawalin sau: biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida. Hadda ba abin raini ba ce, musamman a garin da yaro ya saba da ita tun daga makarantar allo, kuma wanda jadawalin ya zauna masa yana saurin aiki. Inda take gazawa shi ne idan ta zo ba dalili. A 1976 wani masanin koyar da lissafi, Richard Skemp na Ingila, ya bambanta sanin ƙa'ida kawai da sanin ƙa'ida tare da dalilinta. Mai na farkon, da an juya tambaya sai ya tsaya cak, daga nan kuma ƙiyayya take somawa.

Daga hannu zuwa alama

Masanin halayyar ɗan Adam Jerome Bruner na Amurka ya bayyana a 1966 cewa ana iya gabatar da ilimi ta matakai uku: a taɓa abu da hannu, a gan shi a hoto, sannan a rubuta shi da alama. Makarantun Singafo sun gina koyar da lissafinsu a kan wannan tsari. Kayan aikin ba sa buƙatar kuɗi: tsakuwa, murafen kwalba, ƙwallon dabino, tsinken tsintsiya.

A ɗauki 52 a ɗebe 17. A allo ana ce wa yaro ya "ari ɗaya", shi kuwa bai san daga wa aka ara ba, balle ranar biya. Amma in an ba shi ƙulli biyar na tsinke goma-goma da tsinke biyu a gefe, da kansa zai ga biyu ba za su ba da bakwai ba, sai ya kwance ƙulli guda. Ya ɗebe, ya ƙirga, ya ga saura 35. Murmushin da yake yi a wannan lokaci shi ne abin da ake kira jin daɗin lissafi.

Lissafin gida da harshe

Yarinyar da ke tallar gyaɗa a bakin kasuwa tana mayar da canjin naira 500 ba kuskure, amma a aji ɗebewa mai sauƙi ta gagare ta. Wani bincike da aka wallafa a 1985 kan yara masu talla a birnin Recife na Brazil ya nuna haka: sun fi dacewa da amsa a wurin ciniki fiye da a takarda. Hausa kanta tana ɗauke da lissafi, domin mai cewa "ashirin ba biyu" ya riga ya yi ɗebewa. Dara, mai gurabe 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, tana horar da hangen gaba. Ilimin rabon gado kuwa, da malaman zaure suke karantarwa, cike yake da rubu'i, sulusi, sudusi da sumuni, waɗanda su ne dai 1/4, 1/3, 1/6 da 1/8 na littafin boko. Idan aka fara bayani da Turancin da yaro bai ji ba, ya zama yana kokawa da abu biyu a lokaci guda.

Tsoro

Fargabar lissafi aba ce da aka auna, tun ma'aunin da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Richardson da Suinn, suka fitar a 1972. Bulala kan amsar da ba daidai ba, da kunyata yaro gaban allo, suna koya masa yin shiru, malami kuma ya rasa sanin inda ya ɓace. Malamin da ke tambayar "yaya ka yi ka samu wannan?" yakan gano kuskuren a mataki guda. Aikin rukuni ma yana taimakawa, sai dai a ajin da ya cika maƙil yakan koma hayaniya in ba a raba wa kowa aikinsa ba. Horar da malamai kan waɗannan dabaru yana wuyan cibiyoyi irin su Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Danfodiyo.