Sunan da aka juya baya a labari: tambayoyi da amsoshi

Mece ce wannan dabarar?

Marubuci ne zai ɗauki ainihin sunan wani a labarinsa, ya jera haruffan daga ƙarshe zuwa farko, mutumin ya riƙa yawo da shi a matsayin sunan ɓad-da-kama. Kabiru ya koma Uribak, Ladi ta koma Idal. Fitaccen misali shi ne Alucard a fim ɗin Son of Dracula na 1943, inda wani likita ya ga sunan a jikin akwatin wani baƙo, ya karanta shi ta baya, sai ga Dracula, sunan sanannen mai shan jinin mutane na labaran Turawa.

Daidai take da cakuɗa haruffa?

A'a. A cakuɗawa kowane harafi yana iya faɗawa ko'ina, don haka warwarewa sai da alƙalami da takarda. Juyawa kuwa hanya ɗaya gare ta. Wasu marubutan suna ɗan ha'inci don sunan ya faɗu a baki: Samuel Butler ya samo sunan littafinsa Erewhon na 1872 ta juya kalmar Turanci nowhere, amma ya bar harafi biyu na ciki, w da h, yadda suke bai juya su ba.

To in warwarewa ba wuya, ina amfanin ɓoyon?

Ai ba don ya ɓoyu ƙwarai ake yi ba. Mai gudun hukuma da gaske sabon suna zai ɗauka kacokan. Wanda ya juya nasa yana nuna hali ne: girman kai ya hana shi rabuwa da sunansa, ko ya raina wayon masu nemansa. Mai karatu kuma yana jin daɗi in ya riga jarumi ganewa da shafi biyu ko uku. Amma in ya gano tun babin farko, jarumi yana ta lalube har babi na ashirin, jarumin ne zai zama wawa a idonsa.

Wane suna ne ke juyuwa da kyau?

Mai harafi huɗu zuwa bakwai, wanda baƙi da wasali suke bin juna ɗaya bayan ɗaya. Matsala tana tasowa wajen sautin da ake rubutawa da harafi biyu, irin su sh da ts. Shehu zai ba ka Uhehs, wanda harshe ba ya ɗauka. Sai dai a bar sh a haɗe a ce Uhesh. Sunan da ya ƙare da wasali zai fara da wasali bayan juyawa, shi ya sa in sun yi yawa a labari ɗaya asiri ke tonuwa. Aziza kuwa ko an juya ta tana nan Aziza.

Tana aiki a wasan rediyo?

Da ƙyar, domin kunne ba ya juya harafi. Dole wani cikin 'yan wasa ya rubuta sunan, ya kira haruffan ɗaya-ɗaya a ji. A fim kuwa takardar masauki ko tambarin jikin jaka sun wadatar, muddin kyamara ta tsaya a kansu har mai kallo ya gama karantawa.