Mene ne izinin tsayi da ake nema kafin kafa ƙarfen sabis?

Izinin tsayi takarda ce da hukumar kula da sufurin jiragen sama take bayarwa kafin a kafa ƙarfen sabis, ko turken eriyar rediyo da talabijin, ko wani dogon gini, don tabbatar da cewa ba zai tare wa jirgi hanya ba.

Jirgi tun daga nesa yake fara gangarowa sannu a hankali, yawanci a kusurwar digiri 3, har tayoyinsa su taɓa titi. Shi ya sa hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta shata iyakoki a sararin da ke kewaye da filin jirgi, waɗanda ido ba ya gani. A manyan filaye, daga bakin titin sauka iyakar tana ɗagawa mita 2 a duk mita 100, wato a nisan kilomita ɗaya abin da ya haura kusan mita 20 ya shiga hanyar jirgi ke nan. Akwai kuma wata iyakar kamar rufi, mita 45 sama, da ta kewaye filin har nisan kilomita 4.

Nan ne masu kafa turke suka fi yin tuntuɓe, domin wannan mita 45 daga tsayin filin jirgin ake ƙirga ta. Turke mai mita 30 da aka ɗora kan tudun da ya ɗara filin da mita 25 ya ƙetare iyaka, alhali wani mai mita 40 a kwari yana iya samun izini ba gardama.

Kowace ƙasa da hukumarta. A Najeriya NCAA ce ke ba da takardar. A Amurka, turken da ya wuce ƙafa 200, kusan mita 61, ko da nesa yake da filin jirgi, sai an sanar da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, sannan a yi masa rajista a FCC, hukumar kula da sadarwa, a manna lambar rajistar a inda za a gan ta kusa da gindinsa.

Fentin ja da fari da ake yi wa turke rukuni-rukuni don rana ne, jar fitilar da ke samansa kuma don dare. A ganina rajistar ta ma fi su nauyi, saboda ita ke sa turken ya shiga taswirar matuƙa jirgi, kuma ranar da hazo ya rufe gari fenti ba ya amfana komai. Mai turke ma bai huta ba bayan ya karɓi takarda: a Amurka, idan fitilar sama ta mutu ta wuce minti 30 ba a gyara ba, wajibi ne ya kai rahoto a fitar wa matuƙa sanarwa.