Waiwaye: Daga Ina "Ki Yi Haƙuri, Aure Ibada Ne" Ya Samo Ƙarfinsa?

Nasihar da gwaggo da inna ke yi wa amarya ranar kai ta ɗaki ba ta canja ba: "yi, na yi, bari, na bari." Idan daga baya ta yi yaji da kumburarren ido, sau da yawa uba ba ya ma jiran biko. Shi da kansa zai ce ta koma, kada a ce 'yarsa ta kashe aure, ƙannenta su rasa manema.

Ƙorafi kan wannan al'ada ba na yau ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke barin matansu cikin jahilci, ya kuma gargaɗi mata da kada a yaudare su da wa'azin biyayyar miji alhali ba a koya musu biyayyar Allah ba. Mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Arewa ke hukunci da ita, ta bai wa mace damar neman a raba aure saboda cutarwa ba tare da ta mayar da sadaki ba, ga kuma khul'i, wato mace ta fanshi kanta ta hanyar mayar da sadaki. Renon yara ma haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. Al'ada ce ta ce 'ya'ya na uba ne. A ganina wannan tsoron, na barin yara a hannun kishiya, ya fi kowace huɗuba ɗaure mace, musamman wadda ba ta da sana'ar da za ta riƙe ta a zawarci.

Dokar gwamnati ma ta taimaka wa al'adar. Kundin Penal Code na Arewa na 1960, sashe na 55, ya yarje wa miji ya "gyara" matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Sai a 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafi ta VAPP, jihohi kuma suka ɗauki shekaru kafin su karɓa. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo batun dokar iyali, aka yi masa ca.

A coci ma haka ake cewa: abin da Allah ya haɗa, kada mutum ya raba. Mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja a 2022, danginta suka ce ta daɗe tana shan duka tana ɓoyewa. A 2025 kotu ta yanke wa mijinta hukuncin kisa.