Daren Asabar a Liverpool: yadda Cream ya tashi daga ɗaki guda ya zama kasuwancin duniya

Yawancinmu ƙwallo ce ta sa muka san Liverpool. Amma daga 1992 zuwa 2002 akwai wani abin da yake jawo dubban matasa cikin garin kowace Asabar, kuma ba ruwansa da filin Anfield. Wani daren rawa ne mai suna Cream, na masu son kiɗan house. Ga yadda ya faro, ya bunƙasa, ya kuma tsaya.

Wai mene ne kiɗan house ɗin, daga ina ya fito?

Kiɗan rawa ne da ake haɗawa da na'ura. Alamarsa ita ce babbar ganga mai bugu ɗaya wanda ba ya sauyawa, dum dum dum dum, kamar sau 120 zuwa 130 a minti guda, sannan a ɗora sauran sauti da murya a kai. Asalinsa birnin Chicago ne na Amurka. A 1977 aka buɗe wani gidan rawa mai suna Warehouse, inda Frankie Knuckles yake sa faifai, kuma mafi yawan masu zuwa baƙaƙen fata ne da 'yan luwaɗi waɗanda sauran gidajen rawa ba sa maraba da su. Da kasuwar kiɗan disko ta faɗi wajen 1979, sababbin faya-fayai suka yi ƙaranci, sai shi da irinsa suka koma yanka tsofaffin waƙoƙi suna tsawaita su, suna ƙara musu ganga da injin kiɗa. Matasan garin suka samu injinan kamfanin Roland, irin su TR-808 da TR-909, suka fara haɗa nasu a ɗakunan kwana. Mai jin amapiano a yau yana jin jikan wannan kiɗa ne, don ta Afirka ta Kudu zuriyar ta bi.

Me ake nufi da daren mako-mako? Ba gidan rawar ba ne da kansa?

A'a, abu biyu ne daban. Gidan gini ne, yana da mai shi, da lasisi, da wurin sayar da abin sha. Daren kuwa na wasu ne da suke karɓar gidan rana ɗaya a mako. Su ne masu raɗa masa suna, su ɗauko DJ, su buga takardun talla, su tsaya a ƙofa. Yawanci kuɗin shiga nasu ne, cinikin abin sha na mai gida. Ginin da Cream yake ciki sunansa Nation, a dandalin Wolstenholme, unguwar tsofaffin sito-sito da ta zama kufai bayan harkar tashar jiragen ruwa ta ja baya. Amma da wuya ka ji wani ya ce zai je Nation. Cream kowa yake cewa.

Abin ya yi kama da kasuwar ƙauye mai ci sau ɗaya a mako: ba a aika wa kowa goron gayyata, ranar ce take kiran mutane, kuma kowa ya san rumfar da zai tarar da wane.

Ta yaya kiɗan Chicago ya ƙetara zuwa Ingila?

Ta hanyoyi biyu. Shagunan faifai na arewacin Ingila sun riga sun fara shigo da shi, kuma tun wajen 1986 Mike Pickering yake sa shi daren Juma'a a gidan rawar Haçienda ta Manchester. Hanya ta biyu ta bi ta tsibirin Ibiza na ƙasar Sifen. A bazarar 1987 wasu abokai huɗu 'yan Landan, Paul Oakenfold da Danny Rampling da Nicky Holloway da Johnny Walker, suka je hutu, suka ji yadda DJ Alfredo yake haɗa kiɗa a gidan rawar Amnesia. Da suka dawo, Rampling da matarsa Jenni suka buɗe daren rawa mai suna Shoom a wani ɗakin motsa jiki a Southwark, wurin da bai wuce mutum 300 ba. Oakenfold ya buɗe Spectrum ranar Litinin, Holloway ya buɗe Trip. Kafin 1988 ta ƙare abin ya fi ƙarfin ɗakuna, ya fantsama cikin gonaki da sito-siton da ba kowa, ba izini ba lasisi.

To me ya kawo Cream a 1992 daidai?

Hukuma ce ta share masa hanya ba da niyya ba. A 1990 aka yi dokar da ta kai tarar shirya taron rawa ba lasisi zuwa fam 20,000. A watan Mayun 1992 dubban mutane suka mamaye filin Castlemorton kusan mako guda suna kiɗa dare da rana, jaridu suka yi ca, gwamnati ta shiga shirin dokar 1994 wadda ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin wannan taro, har ta siffanta kiɗan da mai bugu mai maimaituwa. Matasan da aka koro daga fili ba su daina rawa ba, rufi suka nema. Gidan rawar Ministry of Sound ya buɗe a Landan a 1991, daren Renaissance kuma a Mansfield a 1992.

A Liverpool kuma akwai giɓi. Quadrant Park na Bootle, inda 'yan garin suka saba kwana suna rawa, ya rufe. Haçienda da ke makwabtaka tana fama da 'yan daba masu bindiga, har ta rufe na ɗan lokaci a 1991. A watan Oktoban 1992 James Barton da Darren Hughes da Andy Carroll suka karɓi ƙaramin ɗaki a Nation. 'Yan ɗaruruwa ne suka zo daren farko. Cikin 'yan shekaru ginin ya kai ɗaki uku, yana ɗaukar kimanin mutum 3,000, ana kuma barin wasu a waje.

Me ya sa nasu ya cika, alhali da yawa sun buɗe sun rufe?

Abu na farko, ba su fasa ba. Mako ya zagayo, ƙofa a buɗe take, ko an cika ko ba a cika ba. Wanda ya zo sau uku ya fara gane fuskoki, ya san kusurwar da abokansa suke tsayawa, ya san lokacin da za a sa faifan da yake jira. Taron shekara-shekara ba ya iya gina wannan. A ganina nan ne ƙarfin kowane daren mako yake, kuma shi ne abin da masu lissafin kuɗi suka fi saurin mantawa.

Na biyu, ƙofa. Masu tsaron ƙofa suna duban shiga, suna mayar da wanda suka ga alamar rigima ya zo nema. Wannan ya sa mata suka saki jiki suka riƙa zuwa, kuma mutane suka koma cin ado maimakon manyan riguna da wandunan zamanin rawar fili. Layin da yake miƙewa a titi cikin sanyin Liverpool shi kansa talla ne, don duk mai wucewa sai ya tambayi me ake rabawa a ciki.

Na uku, sun kashe kuɗi a kan sauti. Wanda ya shiga babban ɗakin kafin ya tantance waƙar da ake yi, gangar ta riga ta dake shi a ƙirji, ga hayaƙi, ga fitilu masu walƙiya, ga zufa tana ɗiga daga rufi. Sai kuma motocin safa. Daga garuruwan arewacin Ingila da Wales da Scotland ake cika bas ana zuwa, a yi rawa, a koma da asuba. Ɗaliban jami'o'in garin su ma sun zama jari, don kowace shekara sabon ayari yake shigowa.

Mene ne aikin DJ a nan? Ba sa faifai kawai yake ba?

A wancan zamani faifai biyu ne a gabansa, kowanne a kan injinsa, galibi Technics SL-1200. Ɗaya yana tafiya a lasifika, shi kuma yana sauraron ɗayan a kunne, yana ɗan tura shi ko ja da yatsa har bugun biyun su hau kan juna. Sannan ya shigo da sabon a hankali ya janye tsohon, ta yadda ƙafar mai rawa ba za ta san an sauya ba. In ya kuskure, gangunan suka yi karo, ɗakin gaba ɗaya zai ji.

Wannan ɓangaren hannu ne, ana koyonsa. Mai wuyar shi ne karanta mutane. Shi ya sa DJ na gida, wanda yake nan kowane mako, ya fi baƙo daraja a wurin waɗanda suka san harkar, ko da sunan baƙon ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Na gida shi yake buɗe dare tun ɗaki ba kowa, ya ɗumama shi ba tare da ya ƙone manyan waƙoƙi da wuri ba. Shi yake iya sa sabon faifai mako huɗu a jere har ya zama waƙar gidan. A 1997 Cream ya ɗauki Oakenfold ya zauna a matsayin na gida har shekara biyu, abin da ba a saba gani ba ga mai suna irin nasa, kuma ƙaramin ɗaki ya fara zaɓa. A zamaninsa ne kiɗan gidan ya karkata zuwa trance, mai sauri da dogon sauti mai tashi sama. Tsofaffin 'yan house da yawa ba su ji daɗin haka ba.

Ana cewa harkar ba ta rabuwa da ƙwaya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma duk labarin da ya tsallake wannan bai cika ba. Ƙwayar ecstasy ta bi kiɗan tun daga Ibiza, haramtacciya ce a dokar Birtaniya, kuma ta yi kisa. A Nuwamban 1995 mutuwar wata yarinya 'yar shekara 18 a Essex ta girgiza ƙasar, aka manna hotonta a allunan talla. Haɗarin yakan zo ne ta zafin jiki da rashin ruwa, ko kuma shan ruwa fiye da kima. Daga nan aka matsa wa manyan gidajen rawa lamba su samar da ruwan sha kyauta, da ɗakin hutawa mai sanyi, da ma'aikatan jinya, su kuma riƙa caje mutane a ƙofa. Wata matsalar ita ce ƙofar kanta: duk wanda yake riƙe da ita shi yake yanke wa zai sayar a ciki, shi ya sa 'yan daba suke kwaɗayinta. Wannan rikici yana cikin abubuwan da suka durƙusar da Haçienda, wadda ta rufe a 1997.

A ina kuɗin suke?

Da farko a ƙofa. Daga baya a sunan. Tambarin Cream ya hau riguna da jakunkuna da faya-fayan CD. Suka riƙa ɗaukar daren suna kai shi wasu garuruwa, suka kafa zama a Ibiza kowace bazara, a Amnesia ɗin nan da labarin ya faro. A 1998 suka shirya bikin kiɗa na Creamfields na farko kusa da Winchester, wato suka koma fili, amma wannan karon da lasisi da tikiti da 'yan sanda. Shekara mai zuwa suka dawo da shi tsohon filin jirgin saman Liverpool.

To me ya kashe daren Asabar ɗin?

Girman da ya yi. Ɗakin mutum 3,000 ba ya cika kowane mako sai da manyan sunaye, su kuma manyan sunaye suka gane haka suka ɗaga farashi, suna yin gida biyu ko uku a dare ɗaya. Tikiti ya yi tsada. Daren shiga shekarar 2000 manyan gidaje suka sa farashin da ya wuce hankali, mutane da yawa suka zauna a gida, kuma amincewar ba ta dawo kamar da ba. Mashaya masu kai dare suka yawaita a tsakiyar birane, da DJ a ciki, shiga kyauta. Waɗanda suka faro a 1992 sun yi aure sun haihu, ƙannensu kuma wani kiɗan suke so. Darren Hughes ma ya bar tafiyar tun 1998. A 2002 aka daina Cream na mako-mako, aka koma buɗewa jefi-jefi a ranakun biki.

Sunan ya mutu ke nan?

Ko kusa. Creamfields ya koma Daresbury a yankin Cheshire a 2006, inda ake yin sa har yau a ƙarshen watan Agusta, an kuma kai shi ƙasashe irin su Ajantina. A 2012 kamfanin Live Nation na Amurka ya sayi Cream. Ginin Nation kuwa an rufe shi a ƙarshen 2015, aka rushe, aka gina gidajen zama a wurin.

Mai neman daren house da ya ci gaba da zagayowa kowane mako sai ya duba Glasgow. A wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai suna Sub Club, mai ɗaukar mutum kamar 400, Harri da Domenic suka fara daren Subculture a 1994. DJ biyu na gida, ranar Asabar. Gobara ta kore su daga ginin a 1999, suka yi ta yi a wasu wurare har suka dawo a 2002, shekarar da Cream ya daina nasa.