Yadda ake yi wa ƙananan sojojin wasan tebur ƙasa mai kamar toka

A wasannin yaƙi na kan tebur, irin Warhammer 40,000 da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fara fitarwa a 1987, kowane ɗan soja na roba yana tsaye ne a kan ɗan faifai, galibi mai faɗin milimita 25 ko 32. Masu fenti kan ƙawata faifan don ya nuna inda ake gwabzawa. Filin da wuta ta cinye na daga cikin waɗanda aka fi so.

Me ya sa ba za a shafa fenti ruwan toka kawai a huta ba?

Domin abin da zai fito siminti ne. Toka tana da laushi, ba ta sheƙi, kuma launinta ba ɗaya ba ne: wani wuri fari tas, wani wuri akwai baƙin gawayi a ƙarƙashi. Idan ido bai ga wannan bambanci ba, ba zai yarda cewa wuta ta bi ta nan ba.

Da me ake yin ƙasar?

A shafa farin gam irin na kafinta, wato PVA, a barbaɗa rairayi mai laushin gaske da aka tankaɗe. A tuna ɗan sojan tsayinsa kusan santimita 3 ne, don haka ƙwayar yashi ta gini a gefen ƙafarsa tsakuwa ce. Akwai kuma fenti mai kauri da aka riga aka haɗa da ƙwayoyi, kamar Astrogranite na kamfanin Games Workshop. Sai a dasa gutsuren dutse ko guntun tsinke a matsayin ƙonannen itace, amma kada a cika. Filin toka fili ne da ba kowa.

To a yi amfani da tokar gaske mana?

Ban ba da wannan shawara ba. Da zarar ta ji danshin gam sai ta yi duhu ta cure, idan ta bushe kuma tana kakkaɓewa a hannu lokacin wasa.

Wane tsari ake bi wajen fentin?

A fara da baƙi, a bari ya bushe sarai. Sai a ɗauki tsohon buroshi mai faɗi, a tsoma shi a fenti ruwan toka mai duhu, a goge a jikin takarda har sai ya kusa daina barin alama, sannan a riƙa share saman ƙasar da shi a hankali. A maimaita da launi mai haske, kowane zagaye hannu na ƙara sauƙi.

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, kuma nan ne nake ganin aikin ya fara. Wannan shara tana haskaka tudu ne ta bar kwari da duhu, wanda daidai ne ga dutse. Toka kuwa akasin haka take yi: iska tana kwashe ta daga saman tudu ta tara ta a cikin rami, a gindin duwatsu, a bayan duk abin da ya tare ta. Saboda haka hasken ya kamata ya sauka cikin kwarin. Garin launi ne ke yin wannan. Kamfanoni irin Vallejo na sayar da shi, ko kuma a goga allin zane a jikin sanfefa. A ɗiba kaɗan da busasshen buroshi, a danna shi cikin ramukan, a bar 'yan tudun da duhunsu. A taɓa takalman sojan da gefen rigarsa ma, don kada ya zama kamar an ɗora shi ne daga baya.

Garin ba zai zube ba?

Zai zube idan ba a kama shi ba. A ɗiga sifirit da bakin buroshi a gefe, a bar shi ya ratsa da kansa, kada a goga. Fentin kariya marar sheƙi da ake fesawa a ƙarshe yakan dusashe garin, don haka a zuba ya ɗan fi yadda ake so haske.

Ana iya nuna cewa wutar ba ta gama mutuwa ba?

Ana iyawa, kuma yana da kyau ƙwarai. Kafin komai a shafa ja da ruwan lemo da rawaya a faifan, a ɗora fenti mai tsagewa kamar Mordant Earth. Yana bushewa sai ya dare, garwashin ya leƙo ta tsagar. Shafi mai kauri na ba da manyan tsaga, siriri kuma ƙanana. Wuri ɗaya ko biyu ya isa.

Idan sojan kansa ruwan toka ne fa?

Zai ɓace a cikin ƙasarsa. A karkata tokar zuwa ruwan ƙasa kaɗan, ko a rage mata haske, sannan a zagaye bakin faifan da baƙi. Kuma a rubuta launukan da aka yi amfani da su, domin rundunar da za a ƙara mata sojoji bayan wata shida tana bukatar ƙasa iri ɗaya.